Allurar da Na Rantse a Kanta

Abin da nake fatan a ce ban yi ba a duniya bai fi tsawon numfashi ɗaya ba. Na ɗaga hannu a ƙofar shagona, a gaban mutane, na ce, "Da azumi a bakina, injina lafiya lau yake." An fi shekara talatin, amma har yau in na tuna sai yawun bakina ya yi ɗaci. Ba ƙarya na shirya ba, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi. Da ƙarya ce, da tun ranar na san abin da zan tuba a kansa. Rantsuwa na yi a kan abin da ban duba ba.

Azumin bana ne ya tono mini ita. Ya sake faɗowa cikin bazara kamar wancan, ya zagayo ya iske ni da sauran numfashi. Tun hantsi kwalta take laushi a hanyar kasuwar Birnin Kebbi, 'yan kabu-kabu suna ɗaura jiƙaƙƙen tsumma a ka, kafin su kai fasinja ya bushe. Ni yanzu na ajiye aiki, ido ya yi rauni. Ɗana Bello ke riƙe da shagon, ni kuwa ina benci a ƙofa ina fifita. Ranar nan sai ga wani manomi daga Augie ya maido aiki karo na biyu, na ji Bello yana nuna masa gilashin sabon injinsa yana cewa, "Baba, ga lamba nan ka gani da idonka. Inji ba ya ƙarya." Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Sunana Ummaru. Karatuna na allo ne da 'yar firamare da ban ƙarasa ba, sana'ata kuwa sassaƙar ƙarfe. Ga wanda bai san aikin ba: injin yana kama sandar ƙarfe a bakinsa ya juya ta, kai kuma ka matso da wuƙa tana fere ta kamar rogo, har ta kai awon da kake so. Duk sirrin yana ga gudu. Ƙarfe mai tauri a hankali ake binsa. Ka cika masa gudu, bakin wuƙa ya ƙone, ƙarfen ya ɗauki zafi ya kumbura. Ka auna ka ga daidai, ya huce ya koma ƙasa da awo. Injina na wancan lokaci tsoho ne, gwanjo na saye shi, amma yana da agogo a goshi mai allura ɗaya da ke nuna gudun da yake yi. A garin nan babu mai irinsa. Mutane kan tsaya su kalli allurar tana tashi, ni kuma in gyara tsayuwa kamar ni na ƙera ta.

Shekarar ba a daɗe da ba mu jiha ba. Damina ta yi mana biyu-babu. Ruwa ya makara har gero ya ƙone a tudu, da ya tashi zuwa kuma sai ya zo da fushi, gulbi ya haye fadama ya kwashe shinkafa tana tsaye. Kafin sanyi ya fita rumbuna sun fara ƙara in an ƙwanƙwasa su. A gidana tuwo ya koma sau ɗaya, kunu ya tsinke har kana ganin gindin ludayi. Mu ke nan na birni masu sana'a a hannu. Na ƙauye sai wanda ya gani.

Cikin na ƙauyen akwai Manu, ɗan gwaggona, taubashina, mutumin Gulma. Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba. "Bawana" yake ce mini, ni kuma in ce masa ɓarawon kifi. Ba a taɓa yin suna ko ɗaurin aure mun haɗu bai fizge mini hula ya kifa a kansa ba, ko da a gaban surukaina ne. Da ambaliya ta cinye gonarsa, sai ya yi abin da ya sa Gulma duka ta yi masa dariya. Ya sayar da shanun huɗarsa, ya sayi tsohon injin ban-ruwa, ya shuka shinkafa da rani. A lokacin albasa aka sani da rani, shinkafa ta damina ce. Ya ce albasa ba ta tuwo, shi kuwa gidansa tuwo yake nema: matarsa, 'ya'yansa, tsohuwarsa gwaggona, da iyalin ƙanensa da ya rasu. Kuma shinkafar ta yi kyau. Masu dariya suka koma tsayawa a bakin gona suna tambayar yadda ya yi.

Ana saura kwanaki a kama azumi, wani ƙaton ƙarfe ya suɓuce mini ya faɗa kan fulin injina, wato faifan da mota, ina nufin motar lantarkin injin, ke juyawa ya ja bel, bel kuma ya juya bakin injin. Fulin ya tsage, gefe ya ɓalle. Irinsa sai Kano, ga mai ya yi wuya, mota sai a wuni a tasha ba ta tashi ba. Wani mai injin niƙa a bayan kasuwa ya ce yana da guda a ajiye. Na juya shi a hannu, na ce kamar ya ɗan ɗara nawa girma. Ya yi dariya ya ce fuli fuli ne, in dai ya shiga. Har yau in na tuna dariyar nan raina yana ɓaci, amma me zan ce masa? Shi gero yake niƙa, gero kuwa bai damu da gudu ba. Ni ne mai ƙarfe. Na ce a raina allura za ta faɗa mini. Na ɗaura, na tayar, allura ta tashi ta tsaya daidai inda take tsayawa kullum. Na share hannu na ce an gama.

Gidana yana bayan shagon, bango ɗaya ya raba. Bel ɗin injin yana da mahaɗi na ƙarfe, duk zagayen da ya yi sai ya ce ƙas. Ashe matata Kulu da maƙwabciyarta sun daɗe suna daka a kan wannan ƙarar, taɓarya tana sauka tare da ƙas ɗin, kamar kiɗa. Ban taɓa sani ba. A farkon azumi, muna zaune bayan shan ruwa, ta ce, "Malam, mi as samu injin naka? Da can tare muke daka da shi, yanzu gudu shikai kamar an biyo shi." Na ce mata azumi ne ya kashe mata hannu, taɓarya ta yi mata nauyi, allura tana nan inda take. Ta ce to. Na ci gaba da shan kununa, har ina jin na yi magana mai ma'ana.

A satin ne Manu ya iso da shaf ɗin injinsa a naɗe cikin buhu. Shaf ita ce sandar da ke juya farfelar da ke jan ruwa. Wurin da boris ke zama, wato zoben ƙarfen da shaf ke juyawa a cikinsa, ya cinye. Ya jefa mini ita a ƙafa ya ce bawansa ya tashi ya yi aiki, ubangidansa yana sauri. Aikin da na yi sau ba adadi ne: a cika wurin da walda, a sassaƙe ya dawo awo. Na ɗora, na daidaita allura a gudun da na saba. Ɓawon ƙarfen da ya kamata ya fito fari yana murɗewa, sai ya dinga fitowa shuɗi, yana tsalle, ɗaya ya faɗa mini a wuya ya bar tabo. Bakin wuƙa ya mutu tun ban kai rabi ba. Na wasa, ya sake mutuwa. Na zagi masu sayar da wuƙaƙen jabu. Rufin kwano yana zubo wuta, maƙogwaro ya bushe har harshe yana manne wa, Manu kuma yana son ya sami motar la'asar. Na auna shaf ɗin da zafinta, boris ya zauna daram, na miƙa masa.

Ba a yi kwana uku ba ya dawo. Boris yana yawo a kan shaf kamar zobe a yatsan mara lafiya, sil ɗin da ke toshe iska ya buɗe, injin yana zuƙar iska maimakon ruwa. Wannan karon na ɗora laifin a kan ƙarfen. Na ce tsohuwar shaf ce ta gaji, zan fidda masa sabuwa daga aksil na babbar mota. Ƙarfen aksil ya fi tauri, wato ya fi buƙatar a bi shi a hankali, ni kuwa ina kallon allura tana gaya mini a hankali nake tafiya. Hayaƙi yana tashi daga bakin wuƙa. Kunnena yana jin injin yana kuka da wata murya da ban sani ba. Hancina yana jin ƙauri. Ido, kunne, hanci, da matar da ke bayan bango, duk sun ba da shaida iri ɗaya, na ƙaryata su saboda wata 'yar allura da ba ta kai tsinken sakace ba.

Zuwansa na uku shi ne ranar rantsuwar. Bayan azahar ne, mutane suna kwance a inuwar dogon-yaron ƙofar shago, kowa ya yaye riga, wasu sun lulluɓa da jiƙaƙƙen zane, ba mai ƙarfin magana. Manu ya sauko daga mota, ya rame, leɓɓansa sun fashe. Bai jefa mini buhun ba, ajiye shi ya yi a hankali. Cikin masu kwanciyar akwai wani direba da ke bin hanyar Sakkwato, wanda ya yi sa'ar samun mai. Ya ɗaga kai ya ce akwai masassaƙi a can, gobe da asuba zai tashi, in Manu yana so ya bi shi, jibi ya dawo da aikinsa. Manu ya dube ni.

"Bawana," ya ce, "ko in kai Sakkwato? Ba raini ba ne. Shinkahwa ta yi ciki, ba ta iya jira."

Abin da ya kamata in ce ba shi da wuya. In ce je ka, ban san abin da ke damun aikin nan ba. Amma ga mutane suna saurare, ga agogona yana ƙyalli a bayana, ga direban da ya ambaci wani masassaƙi a ƙofar shagona. Kaina ya ɗauki zafi kamar shaf ɗin. Na ce masa shi ne yake tayar da inji babu ruwa a ciki, shi ne ba ya sa giris, wanda ya tashi a bayan saniya ina ya san inji. Sannan na ɗaga hannu na yi rantsuwar.

A wurinmu in mutum ya ce da azumi a bakinsa, magana ta ƙare. Ba a ja da mai azumi a kan azuminsa. Waɗanda ke kwance suka fara gyaɗa kai: ai ya rantse, ai Ummaru ba yaro ba ne, ai Manu ya koma ya duba nasa ɓangaren. Su ma ina jin haushinsu har yau. Babu ɗaya a cikinsu da ya san fuli daga faifan tuwo, amma kowa ya sa baki ya danne mai gaskiya, don kawai a yi shiru su koma barci. Direban ya juya ya ba mu baya. Manu ya ce, "To, tunda ka rantse." Ya zauna ya jira na sake yi masa irin aikin da na yi masa sau biyu.

Don in nuna wa duniya laifinsa ne, na ce zan bi shi Gulma in ɗaura da hannuna. Muka bi ta Argungu, inda na ga maza zaune cikin sauran ruwan gulbi har wuya, ba wanka suke ba, jiran la'asar suke. Da muka shiga fadama na ga gonar. Ganyen shinkafa ya nannaɗe ya zama kamar tsinke. Ƙasa ta tsattsage har kana iya zura hannu. Ashe tun da injin ya fara tsayawa gidan Manu duka suke ɗiban ruwa da ka. Bayan sahur, da an sallame asuba, sai a fita: maza da jigo a bakin ramin da injin ke jan ruwa, mata da tulu da bokiti, yara da ƙwarya. Har gwaggona, da ƙyar take miƙewa, tana zaune a bakin kwari tana toshe ɓaraka da laka. Ka zuba tulu guda, ƙasa ta shanye shi da ƙara kafin ka juya. In rana ta take a watse a kwanta a bukka. La'asar a koma, har a ji kiran magariba daga gari. Abin buɗa baki ruwan randa ne da kunun tsamiya wanda ba shi da maraba da ruwan. Gwaggo ta tura mini nata ta ce ni baƙo ne. Na sha.

Da safe na ɗaura shaf, na sa giris da kaina, na cika injin da ruwa da kaina, na ja igiya. Ruwa ya tunkuɗo daga tiyo fari tas, ya bi kwari yana sheƙi. Matar Manu ta yi guɗa. Na dubi Manu da irin kallon ka-gani-ko. Kafin hantsi ya yi ƙarfi sai injin ya fara ƙugi, sannan kuka, sannan ruwan ya koma tofi, ya tsaya. Na taɓa gidan boris, ya ƙona ni. A gabana, da hannuna, babu wanda zan ce bai sa giris ba. Kun san abin da na ce? Na ce yashi ne a ruwansu. Manu ya ɗauki tulu.

Na yi kwana biyu ina ɗibar ruwa tare da su, kuma kada wani ya lissafa mini wannan cikin alheri, kunya ce ta hana ni tafiya. Ban taɓa sanin ƙishirwa ba sai a gonar nan. Ruwa a kanka, yana zubo maka a fuska, yana bin gefen bakinka, kai kuwa ka datse leɓe. Idanu suna ganin duhu-duhu in ka miƙe. Ƙafa tana nutsewa a laka a bakin rami, tana ƙonewa a kan busasshiyar ƙasa bayan taku kaɗan. Lokacin zuwa Sakkwato ya riga ya wuce, direban ya tafi, babu wata motar. Abin da hannu ya iya ceta bai fi shimfiɗar tabarma kaɗan a kusa da ramin ba. Sauran ta fidda kai fari, ka murza a tafin hannu ka hura, babu abin da zai rage.

Da Sallah ta zo, gidan da kowace shekara ake auna zakkar fidda kai a fitar, shi aka kawo wa. Wani maƙwabcinsu ne ya gaya mini, ya ce Manu ya karɓa ya yi godiya, sannan ya shige ɗaki bai fita Idi ba.

Ruwan farko ya sauka bayan Sallah da 'yan makonni, da iska da ƙamshin ƙasa, lokacin da ba shi da sauran amfani ga shinkafar Manu. Washegari gari ya yi sanyi, ina aiki, na shiga gida shan ruwa. Kulu tana daka. Ta tsaya ta ce, "Malam, azumi dai ya wuce, na ci na ƙoshi. Har yanzu ban kamo injin naka ba." Na sunkuya zan ɗebi ruwa, sai na ga abin da randa take zaune a kai. Tsohon fulina ne. Ta tsince shi a bayan shago ta mai da shi mazaunin randa.

Na sauke randar. Na zari kaba daga tabarmar da ake saƙa, na zagaya tsohon fulin da ita, na yanke. Na zari wata na shiga shago, na kashe inji, na zagaya sabon, na yanke. Na haɗa su. Ta biyun ta fi ta farkon da abin da ya wuce taƙi guda.  Sai a lokacin na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko: na sa yatsa a bayan agogon, na bi wayarsa in ga inda ta nufa. Ba bakin injin ta je ba. Jikin mota ta je, kafin fuli. Wato allurar ba ta taɓa ganin gudun ƙarfen da nake sassaƙa ba ko sau ɗaya. Gudun mota take ji, sai ta faɗi abin da ya kamata bakin ya yi in da tsohon fuli ne a wurin. Na yi wa bakin injin alama da alli, na juya mota da hannu ina kallo. Alamar tana dawowa tun kafin lokacinta. Duk watan nan ina gudun da ya ɗara abin da nake zato da kusan rabi, allura kuwa tana tsaye tana gyaɗa mini kai kamar mutanen gindin dogon-yaro.

Na zagi wanda ya ƙera agogon, ko a wace ƙasa yake. Wane irin mutum ne zai sa mai shaida a ɗakin da ba a nan ake abin ba? Na zagi mai injin niƙa. Na zagi masu gyaɗa kai. Da zagin ya ƙare sai ya rage saura ni da kaba biyu a hannu. Agogon bai rantse ba. Mai niƙa bai rantse ba.

Na tafi Gulma da su. Na iske Manu a zaure yana ɗinkin koma, zai gangara Yawuri kamun kifi, tunda babu shanun huɗa, babu iri, damina kuma ta kama. Na ajiye kabar a gabansa, na faɗa masa komai, ban rage ba. Na yi zaton zai tashi ya shaƙe ni, kuma da na ji daɗi. Ya ɗauki kabar biyu ya jera su a cinyarsa, ya daɗe yana duban ratar.

"Wannan ɗan guntun," ya ce, "shi ac ci shanuna?"

Na ce shi ne.

"A'a. Fuli kan fashe, inji kan yi ƙarya, wannan duk na Allah ne. Da kac ce mini ba ka sani ba, da na tahi Sakkwato." Ya miƙo mini kabar. "Na yahe maka, Malam Ummaru."

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Na yi odar fuli daga Kano, na gyara masa injin, ya yi shekaru yana aiki ba tangarɗa. Da hali ya samu na taimaka ya mai da shanu. Kowane karo sai ya ce, "Na gode, Malam Ummaru, Allah shi saka." Bai taɓa yi mini gori ba, bai taɓa ba wani labarin ba, zumunci bai yanke ba. In na ce masa ɓarawon kifi sai ya yi murmushi ya tambayi iyali. A wurin suna nakan cire hulata da gangan in ajiye kusa da gwiwarsa. Sai ya ɗauka, ya kaɗe mata ƙura, ya miƙo mini da hannu biyu. Haka muka yi har Allah ya karɓi abinsa. Yanzu fadamar Gulma kore take shar da rani, shinkafa iya ganinka, injuna suna ta kuka ko'ina, kuma yaran da ke noman ba su san wanda aka fara yi wa dariya a kanta ba.

Shi ya sa na miƙe ranar nan da na ji Bello yana cewa inji ba ya ƙarya. Bello ya ce in zauna, azumi ne, kuma wannan injin ba irin nawa ba ne, zamani ya canza. Gaskiyarsa, ban san komai a cikin sabon injin ba, lambobinsa ma ba na ganinsu sosai. Na ce masa abu ɗaya nake tambaya: lambar nan, daga ina take jin gudun? Ya ce daga wani ɗan maganaɗisu a bayan bakin injin. Na ce yaushe rabon da ya gan shi da idonsa. Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, irin wanda ɗa ke yi wa uba yana zaton ba a ji ba, ya kashe inji ya kwance murfin. Shi ya gano, ba ni ba. Garin ƙarfe ya taru a kan maganaɗisun har ya yi gemu, wani zagayen ya ƙirga, wani ya tsallake. Ya goge, ya tayar, lambar ta haura inda bai taɓa ganinta ba a wannan giyar. Ya dube ta, ya juyo ya dube ni.

Manomin Augie yana tsugune a ƙofa da buhunsa, leɓɓansa a fashe. Na ce wa Bello ba ni zai kalla ba, ga mai aiki can. Ya je ya tsuguna a gabansa ya ce, "Baba, laifin daga wurinmu ne. Ka yi haƙuri." Ya sake aikin a hankali, kuma bai auna ba sai da ƙarfen ya huce, ko da yake mutumin ya rasa motar la'asar, a gidanmu ya sha ruwa.

Kabar nan biyu sun daɗe da ruɓewa, tsohon injin ma an sayar wa masu gwangwan. Kulu tana nan, ta tsufa, ba ta daka, amma har yau in Bello ya tayar da inji takan karkata kunne. Roƙona ga wanda ya karanta wannan, mai ƙarfe ne ko mai wani aikin daban: in abin da ke hannunka yana ƙauri, allura kuma tana cewa lafiya, ka bi wayarta da yatsa ka ga inda take jin labari. In kuwa ba ka duba ba, kuma wani yana tsaye a gabanka da abincin gidansa a cikin buhu yana tambaya ko ya kai wani wuri, don Allah kada ka sa azuminka a tsakani. Ka ce ba ka sani ba, ka bar shi ya sami motarsa. Ni na hana Manu tasa, ya yafe mini, kuma na shekara ashirin ina ajiye hula kusa da gwiwarsa ba a fizge ta ba.